Yadda ake sa basira da nauyin kaya su yi aiki a wasan labari

Duk wanda ya taɓa jan wasan Dungeons & Dragons, wasan labarin nan da kowane ɗan wasa ke riƙe jarumi ɗaya mai makin ƙarfi, basira da sauransu, mutum ɗaya kuma, mai jan wasa, yana ba da labarin, ya san wurare biyu a takardar jarumi da ake cikewa ranar farko, daga nan ba a sake waiwayarsu: layin basira, da jerin kayan da jarumi ke ɗauke da su. Ƴan wasa ba su da laifi. Bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, ya ce a ninka makin ƙarfi sau 15, abin da ya bayar shi ne yawan labar da jarumi zai iya ɗauka. Ke nan mai sihirin da ƙarfinsa 8 ne kacal yana ɗaukar laba 120, kimanin kilo 54, fiye da buhun shinkafa na kilo 50, kuma ya yi gudu da shi, ya yi faɗa, ya hau dutse. Wa zai tsaya lissafin abin da ba ya cika? Ita kuwa basira, in ka cire mai sihiri, kusan babu wanda rayuwarsa ta rataya a kanta, shi ya sa kowa ke jefa mata mafi ƙanƙantar makinsa.

Da can ba haka abin yake ba. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, zinariyar da ka fito da ita daga kogo ita ce ke ɗaga darajar jaruminka, kuma da tsabar kuɗi ake auna nauyin komai. A bugu na uku, na shekarar 2000, basira ce ke ƙayyade yawan gwanintar da za ka koya da ƙarin harsunan da kake ji. An yi ta sauƙaƙawa har abubuwan biyu suka zama ado.

Dokokin da ke ƙasa irin waɗanda fada, wato majalisar abokai, ke kafa wa kanta ne, an tsara su don masu wasa a kan tabarma a nan Tawa ta Nijar, inda littafin wasa sai dai a waya, kuma ba kowa ke da haƙurin tara lambobi bayan sallar isha ba. Hanyar da na ga ta fi ci ita ce a ɗaure abubuwan biyu da igiya ɗaya: kaya su takura wa jarumi, basira ta zama abin da ke sassauta masa. In ka gyara ɗaya ka bar ɗaya, ba za a daɗe ba za a koma gidan jiya.

Kayan aiki

Takardar kaye mai ƙananan murabba'ai, fensir da abin gogewa, tsohon kwali da almakashi, ƴaƴan dara ko marafan kwalbar lemo. Sai ɗan ludo mai fuska 20, wato d20, da masu fuska 8, 6 da 4, wato d8, d6 da d4. Idan d6 kaɗai ake da shi, akwai manhajojin jifa kyauta a waya. Kada a ajiye ko dala a kan tabarma. Dattijon da ya wuce ya ga ana jifa ga kuɗi a gefe, caca zai kira shi, kuma ba za ka iya musa masa ba.

Mataki na farko: a daina awo, a koma gurbi

Kowane ɗan wasa ya zana gurabe a takardarsa daidai da makin ƙarfin jaruminsa. Mai ƙarfi 8 gurbi takwas, mai 16 goma sha shida. Biyun farko hannuwa ne. Uku na biye ɗamara ce, abin da ke nan ana zaro shi nan take ko a tsakiyar faɗa. Sauran duka burgami ne a baya, kuma ciro abu daga burgami yana cinye wa jarumi zagayensa gaba ɗaya, wato damarsa ta yin abu idan layi ya zo kansa. Wannan rabon shi ne rabin daɗin dokar, domin tun kafin a tashi mutum zai fara tunanin ko maganin rauni zai sa a ɗamara ko wuƙa.

Abin da ake riƙewa da hannu ɗaya gurbi ɗaya ne: takobi, garkuwa, fitila, igiya, kwari da kibiyoyinsa. Mai buƙatar hannu biyu, kamar dogon mashi ko babban gatari, gurbi biyu. Lifidi biyu, sulke uku, cikakkiyar rigar ƙarfe huɗu, ko da a jiki suke. Ƙananan abubuwa iri ɗaya, irin su kyandir ko ƙusa, biyar ke cika gurbi. Riga, wando, rawani da zobe kyauta ne. Littafin bugu na biyar na 2014 ya ce tsaba 50 laba ɗaya ce, mu kuwa a dokarmu tsaba 250, wato laba biyar, gurbi ɗaya ne. Guzurin kwana uku gurbi ɗaya.

A yanka kwali ƙanana, a rubuta sunan kowane abu, a ɗora a kan gurbinsa. Mai gurbi biyu a yanka masa dogo. Amfanin kwalin shi ne ba a gardama: abin da ba ya kan takarda ba ya jikinka. Idan ka ba abokinka igiya, hannu zai miƙa kwalin, kowa ya gani. Wannan tsari ba sabo ba ne. Wasan Knave na Ben Milton, wanda ya fito a 2018, da gurbi yake lissafin kaya, a wasan Mausritter kuma da ƙananan katuna ake jera su.

Wanda ya wuce iyaka fa? Gurbi ɗaya zuwa uku a sama, tafiyarsa ta ragu da ƙafa 10 cikin 30 da aka saba a kowane zagaye. Huɗu zuwa shida, ta ragu da ƙafa 20, kuma duk abin da ya shafi ƙarfi, zafin nama ko juriya sai ya yi jifa biyu a ɗauki ƙaramin. Ya haura shida, ba ya motsi sai ya zubar. Hukuncin daga littafin na ɗauko shi, can ma akwai shi a matsayin dokar zaɓi, sai dai da laba ake lissafa shi, shi ya sa ba a cika amfani da shi ba.

Mataki na biyu: ruwa

Nan ne zan daɗe, domin a nan dokar ke kama jiki. Littafin ya ce jarumi na buƙatar galan ɗaya na ruwa a rana, kusan lita huɗu, biyu in ana zafi. Mu da muka san watan Afrilu da Mayu a nan Adar, yankin Tawa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba sai an yi mana bayani ba. A dokarmu, ruwan yini ɗaya gurbi ɗaya ne, da bazara ko cikin hamada gurbi biyu. An ɗan sassauta, don lita takwas ta fi ƙarfin gurbi biyu in da za a bi awo, amma haka ya isa.

Yanzu ɗauki tafiya mai tsawon Tawa zuwa Agadas, kusan kilomita 400. A lissafin littafin, matafiya na cin mil 24 a yini, kimanin kilomita 38, wato kwana goma sha ɗaya ke nan. Ruwan mutum ɗaya da bazara gurbi 22 ne, ban da guzuri gurbi huɗu. Babu jarumin da zai ɗauki wannan, ko shi ne ƙaton ƙatta. Dole ayari ya bi rijiya zuwa rijiya, ya san tafkin da ke riƙe ruwa da wanda ya ƙafe, ya san inda zai yada zango. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mai jan wasa ya tsara taswirarsa da wannan a rai: tsakanin rijiyoyi a bar kwana biyu, wani wuri uku, wuri ɗaya tak kwana biyar, wanda nan ne gajeriyar hanya. Ka ga an samu zaɓi na gaske ba tare da ka fito da ko dodo ɗaya ba.

Wanda ya kwana ba ruwa, ko ya yi kwana biyu ba abinci, a ba shi kwali mai rubutun gajiya ya ɗora a gurbi ɗaya. Gurbin ya mutu har sai ya ci, ya sha, ya yi barcin dare cikakke. Kowane dare irin wannan na cire kwali ɗaya. Idan gurabensa a cike suke, dole ya jefar da wani abu ko ya karɓi hukuncin nauyi. Wasan Cairn haka yake yi da gajiya, kuma ya fi sauƙin tunawa a kan matakai shida na galabaita da ke cikin littafin.

Kibiya, mai na fitila da itacen wuta ba sai an ƙirga su ɗaya-ɗaya ba. A ba kowanne d8. Bayan kowane faɗa, ko kowace awa ta haske, a jefa; in 1 ko 2 ya fito, a sauka zuwa d6, daga nan d4, daga nan ya ƙare. A matsakaici jifa tara ake samu kafin abu ya ƙare: huɗu, uku, biyu. David Black ne ya yaɗa wannan dabara a wasansa The Black Hack a 2016. Amma ban yarda a yi wa ruwa haka ba. Ruwa a ƙirga shi kwali-kwali, kowa na kallo yana raguwa.

Mataki na uku: dabbobi da ƴan dako

Da zarar ƴan wasa suka ga gurabe ba su isa ba, kasuwar dabbobi za su nufa, kuma daidai ne. Jaki da mangalarsa gurbi 20, raƙumi 40, ɗan dako 10. Jaki na shan gurbi biyu a yini, raƙumi a shayar da shi a rijiya ya yi kwanaki bai nema ba, ɗan dako yana ci yana sha kamar kowa kuma ana biyansa. Babu ɗayansu da zai shiga kogo. Wani zai tsaya gadi a bakin ƙofa, ko a bar su a dawo a tarar da abin da aka tarar.

Mataki na huɗu: ƴaƴan basira

Makin basira na da ƙari kamar sauran: a cire 10, a raba biyu, a zubar da ragowa. Mai 14 ƙarinsa 2 ne, mai 16 uku, mai 8 kuma ragi ɗaya. Kowane ɗan wasa ya karɓi ƴaƴan dara daidai da ƙarinsa haɗe da ɗaya. Mai basira 10 ɗa ɗaya, mai 14 uku, mai 8 babu. Kada kowa ya wuce huɗu. Ba sa dawowa da barcin dare. Sai ayari ya shiga gari mai kasuwa ya kwana. Wannan sharaɗin kada a sassauta shi, in ba haka ba mai sihiri zai riƙa zubar da su kamar ba gobe.

Abu biyu ake saye da ɗan dara.

Na farko muna ce masa "ai na tanada". Kafin a bar gari, ɗan wasa na iya biyan zinariya 10 ya ɗora farin kwali a gurbi ɗaya, ba a rubuta komai a kansa ba. Ƙunshi ne. Can a daji, sa'ad da aka iso rijiya aka tarar ba guga, sai ya ajiye ɗan dara a gaban mai jan wasa ya ce ai ya tanada, ya rubuta guga a kan kwalin. Sharuɗɗa uku ne: abin ya kasance ana sayar da shi a kasuwar da aka baro, ya shiga gurbi ɗaya, kuɗinsa bai wuce abin da aka biya ba. Ba makamin sihiri, ba mabuɗin ƙofar da ke gabanku. Ma'anarsa ita ce jarumin ya fi mai wasa da shi hangen nesa, ya yi tunanin gugan tun a kasuwa. Wasan Blades in the Dark na John Harper, na 2017, yana da irin wannan, inda ake faɗin yawan kaya tun farko a bayyana ko mene ne daga baya. Mu dai mun rataya shi ne a kan basira.

Duba abin da ke faruwa. Mai basira yawanci ba shi da ƙarfi. Gurbi takwas gare shi, littafin sihirinsa ya ci ɗaya, sanda ɗaya, ruwa da guzuri sun ci sauran. Yana da ƴaƴan dara huɗu amma ba wurin ajiye ƙunshi. Mayaƙi kuwa ga gurabe, ba ɗan dara. Don haka a yarda ƙunshi ya zauna a burgamin wani. Nan za ka ji ana ciniki a kan tabarma: "Babban yaya, ara mini gurbi biyu mana." "To, amma in na ce igiya nake so, igiya za ka ce ka tanada." Irin wannan maganar ake nema, kuma ba ta faruwa in kowa na ɗauke da kilo 100 shi kaɗai.

Na biyu shi ne "na san wannan". Ɗan wasa ya ajiye ɗan dara ya yi tambaya ɗaya, mai jan wasa ya ba shi amsar gaskiya, ba jifa. Ina rijiya mafi kusa? Wannan dabbar me take tsoro? Tambarin da ke kan zoben nan na wace masarauta ne? Iyakarta abin da mai ilimi zai iya sani daga karatu ko daga bakin fatake. Wanda ya kashe sarki ba ya ciki, haka abin da ke zuciyar waziri. Idan tambayar ta wuce iyaka, a mayar masa da ɗansa. Dalilin cire jifa shi ne, jifa kan sani yakan ba da abin dariya: masani ya jefa 3 bai san komai ba, wanda bai taɓa buɗe littafi ba ya jefa 19 ya zama malami.

Mataki na biyar: ƙananan wuraren da basira ke shiga ba tare da ɗan dara ba

Ɗaurin kaya. Kowace safiya mutum ɗaya ne ke ɗaure wa dabbobi kaya, kuma ƙarin basirarsa na hawa kan guraben kowace dabba. Mai ƙari 3 da jakuna biyu ya samar wa ayari gurbi shida, ruwan mutum ɗaya na kwana uku da bazara. Idan ya ji rauni mai ragi ya karɓi aikin, kowace dabba ta rasa gurbi, sai a tsaya a zaɓi abin da za a bari.

Kimanta dukiya. An shiga taskar da ke da tsaba 2000, wato gurbi takwas, ga tulun tagulla, ga darduma, ga littattafai, guraben da suka rage a ayarin duka biyar ne. Mai jan wasa kada ya faɗi kuɗin komai. Mai son sani ya jefa d20 ya haɗa da ƙarin basira: 10 ya san mai tsada da mai araha, 15 ya san kuɗin daidai da garin da za a saya da daraja. Wanda ya faɗi, sai ya ɗauka da ka. Mai son ƙara yaji ya sa kuɗin duniyarsa ya zama wuri, kamar yadda aka yi ciniki a ƙasar Hausa kafin zuwan kuɗin Turawa. Nauyin wuri kansa matsala ce ga fatake, kuma zai tilasta wa jarumai su canja shi zuwa gishiri, turmin zane ko zinariya kafin doguwar tafiya.

Harsuna. A dawo da dokar bugu na uku: kowane ƙari ɗaya harshe ɗaya ne. Amma sai mai jan wasa ya cire harshen nan guda da littafin ya ce kowa na ji, in ba haka ba aikin banza ne. Mutumin Tawa ya san bambancin shiga kasuwar Abalak kana jin Buzanci ko Fillanci da shigarta ba ka ji. A wasa, mai jin harshen gari ya sayi kaya da kuɗinsu, wanda ba ya ji a ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ba zai ji raɗe-raɗin bakin rijiya ba. Koyon sabon harshe kwana 250 ne a littafin. A rage 25 kan kowane ƙari.

Littattafai da taswira kuma kowanne gurbi ɗaya ne, mai ɗauke da shi ya yi jifa biyu a ɗauki babban a kan abin da littafin ya ƙunsa.

Abu ɗaya da nake hanawa: kada a tilasta wa mai basira 8 ya riƙa yin wauta don a yi dariya, kada kuma a hana shi faɗin dabarar da ta zo masa. Idan an ba da kacici-kacici, ƴan wasa ne za su warware da kansu, duk wanda ya gano ya gano. Maki na nuna abin da jarumi ya karanta da abin da ya tanada, bai rufe wa mai wasa baki ba.

Mataki na shida: toshe ramukan da sihiri ke haƙawa

Abubuwa uku a bugu na biyar na iya rusa duk wannan a zama ɗaya. Akwai sihirin mataki na farko da ke samar da galan 10 na ruwa, ya ishi mutum biyar yini guda da bazara. Akwai wanda ke fito da ƴaƴan itace goma, kowanne ya ƙosar da mutum yini. Akwai kuma jakar da ke haɗiye laba 500 nauyinta bai ƙaru ba. Ba na son haramtawa, don wanda ya zaɓi wannan sihiri da niyya ya zaɓa. A bar su, amma ƙarfin sihirin da aka kashe kan ruwa ko abinci ba ya dawowa sai an shiga gari, kamar ƴaƴan dara. Jakar kuma ta ci gurbi ɗaya ta ba da shida.

Yadda za a shigo da dokar

Kada a wayi gari a ɗora wa mutane ita a tsakiyar labari. A kawo maganar lokacin shayin farko, a nuna takarda ɗaya da aka riga aka zana, a nemi a gwada zama uku. A ba kowa damar sauya makinsa sau ɗaya, don wanda ya jefar da basira a da, ya yi ne bisa tsohuwar doka. Mai jan wasa ya duba gurabe a lokuta uku kawai: fita daga gari, samun dukiya, da gudu. Gudun ne ya fi muhimmanci. Idan kuraye ko mahara suka biyo ayari, a tambayi kowa tafiyarsa ƙafa nawa ce, a ba mai nauyi zaɓi ya yar da kwali ko a cim masa.

Bayan zama uku a duba alamu. Idan babu wanda ya taɓa jefar da komai, guraben sun yi yawa, a rage wa kowa biyu ko a nisanta rijiyoyi. Idan rabin dare na tafiya wajen jera kwali, a mayar da guzurin kwana biyar gurbi ɗaya, a bar ruwa yadda yake. Idan ƴaƴan dara na dawowa gari ba a taɓa su ba, yawanci mai jan wasa ne ke ba da bayani kyauta, ko yana sa guga a bakin kowace rijiya. Idan kuma suna ƙarewa tun kwana na biyu, a bar lambar yadda take, a sa ƙaramar kasuwar ƙauye a tsakiyar hanya wadda ke mayar da ɗa ɗaya kacal.